Garkar Iya da Ƙafar Amarya

Duk wanda ya tashi a Zinder ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Duwatsu muke da su har sun yi mana yawa, ruwa kuwa sai an nema. Amma a cikin garin nan, a unguwar Zango, mahaifiyata ta riƙe garka shekara da shekaru. In na ce garka, kada a zaci wani lambu irin na Miriya mai rijiya da jigo. Ɗan fili ne a bayan gidanmu, tsakanin katanga da wani ƙaton dutse, an kewaye shi da darnin kara saboda awaki. Iya muke ce wa mahaifiyar tamu, wurin kuma kowa garkar Iya yake ce masa, har Baba da yake da gidan. Yau an yi ɗakunan haya a wurin, an shafe ƙasa da siminti, dutsen ne kaɗai ya gagare su.

Kakanninmu daga Barno suka zo, sana'ar gidanmu kuwa kanwa da gishiri. Raƙuma su sauke a ƙofar gida, a jibge kayan a wani dogon ɗaki kusa da zaure, in ya taru a yi Kano da shi. Lokacin da na kawo ƙarfi kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara ƙwace wa raƙuma hanyar Kano, ni ne kuma Baba ya sa nake bin kaya. Saboda haka rabin shekara ina gida, rabi ina bisa buhuna ana jijjiga ni. Duk gidan babu manomi. Iya ce kawai Allah ya jarrabe ta da son ganye.

Ruwa ɗaya sai ya yi aiki biyu ko uku a hannunta. Na wanke gero na yakuwa ne. Na ɗauraye kwanuka, in babu sabulu a ciki, na barkono ne. Alwala kuwa ba a yin ta ko'ina sai gindin lemun tsaminta, wanda ta dasa shekarar da aka kawo ta gidan. Ta ajiye wani faffaɗan dutse a wurin don zama. Baƙo ko daga Agadas ya zo, in ya ɗauki buta sai ya ji murya daga bayan danga: "A kai shi gindin lemo." Baba yakan yi mata tsiya, ya ce itacen nan ya fi kowa a gidan shan ruwan alwala, amma bai taɓa ganin ya yi salla ba.

Ƙarfin garkar duk yana cikin ramuka biyu da ke kusa da dutsen. Iya takan ce ɗaya yana ci, ɗaya yana barci. Wanda yake ci, shi ake zuba wa tokar murhu, da kashin awaki da na tantabaru, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da busasshen ganye, da duk sharar tsakar gida. Dokarta ke nan, abin da tsintsiya ta taro ba ya fita waje. In ramin ya cika ta yayyafa masa ruwa, ta rufe da ƙasa, ta buɗe ɗayan. Lokaci lokaci takan soka wani dogon kara a cikin wanda yake barci, ta zaro ta taɓa a kumatunta. In da ɗumi, ta ce bai farka ba. In ya huce, sai a tone. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai laushi, ba ya wari, yana ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Har yau in na ji wannan ƙanshi sai kewarta ta kama ni.

Shekara kuma tana da layinta. Da bazara a tone rami a baza taki, a gyara darni. Ruwa na sauka a shuka kuɓewa da yakuwa da rama, a ja wa kabewa igiya ta hau dutse. Da kaka a tsinke, a yanyanka kuɓewa a shanya bisa soro, karan da ganyen su koma rami. In sanyi ya shigo, lokacin ado ne: Iya ta tsaga ƙasa fangali fangali, ta dasa albasa da tumatir da barkono, har da salati, wanda ta samo irinsa wurin wani mai yi wa Nasara aikin lambu. Shi Baba ko kusa ba ya cin salati, ya ce shi ba zomo ba ne. Da rani kuwa ba a neman komai, sai dai a yi ta lallaɓa lemo da 'yan itatuwan lalle kada su mutu kafin gajimare ya dawo.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Iya mace ce mai alkunya irin ta dā. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ɗauko mata mangala sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan jaki na jira." Ko mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, haka za ta faɗa, ni kuma in tashi kamar wani ne ya isar mini da saƙo. Ban taɓa jin haushin wannan ba sai a shekarar da zan ba da labari.

Matata 'yar ƙauyen Gaffati ce. Mahaifinta manomi ne, wurinsa muke sayen gero da harawa, can na gan ta, na kuma yi ta ƙirƙiro dalilin komawa har Baba ya gane gero ba ya ƙarewa da wuri haka. Aka ɗaura aure da rani, bayan shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama ƙarƙashin Nasara. Tana zuwa suka shaƙu da Iya, don ita ma hannunta na ƙasa ne. Ba ta iya zama. In ta gama nata aikin sai ta nemo wanda ba a sa ta ba.

Da bazarar nan muka kwashe kaya kaf muka yi Kano, ɗakin ajiya ya zama fayau. Ina jin tun zamanin kakana tsintsiya ba ta shiga ɗakin nan ba, don maza ne ke shigarsa, mu kuwa in mun ga wurin aje buhu, shi ke nan. Amarya ta leƙa ta ga abin da ta gani, ta ɗaura ɗankwali a hanci ta shiga. Ta kwashe ruɓaɓɓun tabarmin kaba, da gashin raƙumi, da kashin ɓera da na jemage, ta kankare wata baƙar ƙasa mai laushi da ta taru a daɓen. Kwando bayan kwando ta kai ramin da yake ci. Duk wanda ya ga wannan shara zai rantse taki ne na gari. Iya da kanta ta damƙa ta murza, ta sa mata albarka, ta ce ramin bana ya ci abin da bai taɓa ci ba. Ruwan farko na sauka aka rufe shi. Da na dawo na ga ɗakin tas, na yi ta yi wa matata kirari.

Daminar ta yi kyau, don takin ɗayan ramin aka zuba. Sai da sanyi ya shigo aka tone wanda ya ci sharar ɗaki. Ya fito baƙi wuluk. Iya ta baza shi a kowane fangali, ta zuba wa lalle, ta tara wa lemo a gindi da hannu biyu. Suka dasa albasa da tumatir ita da amarya, suna hira suna dariya.

Dashen bai kama ba. Albasa ta tsaya yadda aka sa ta, bakin ganyen ya ƙone. Tumatir ya langaɓe, ko an ba shi ruwa da safe, kafin azahar ya kwanta. Iya ta sake dashe, ya sake mutuwa. Ta ce ƙasar ce take jin yunwa, ta ƙara taki. Ta rage wa kanta ruwan wanka ta ba su. Wani fari fari ya riƙa fitowa a fuskar ƙasa in ta bushe, kowa ya ɗauka toka ce, tunda toka ba baƙuwa ba ce a ramin. Kafin sanyi ya fita lalle ya zube, lemo kuma ganyensa ya soma naɗewa yana bushewa ta gefe.

Akwai yayar Baba, Gwaggo, wadda mijinta ya rasu, gidanta na bayan namu. Kullum da hantsi tana tsakar gidanmu da carbinta. Ba muguwa ba ce, Allah ya jiƙanta, amma ba ta yarda akwai abin da ke faruwa haka kawai ba. Wata rana ta leƙa garkar, ta dawo ta zauna, ta ja tsaki.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta. "Amma tun da aka kawo ki gidan nan, garkar nan ba ta taɓa ƙi ba. An yi fari ba ta ƙi ba, an yi fara ba ta ƙi ba. Sai bana. To ki duba mini, me ya shigo gidan nan sabo?"

Iya ta ce, "Yaya, a bar maganar nan."

"Na bari. Amma kamiyon da ya ɗauki kayanku bai karye a hanya ba? Akuyarki ba ta yi ɓari ba? Ita kanta yarinyar, ga shekara ta zagayo, kin ga alamar wani abu? Ƙafa dai iri iri ce."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Farar ƙafa take nufi, macen da in ta taka gida arziki ya fita. A zamanin nan wannan kalma tana iya kashe aure, kuma ba a nan take tsayawa ba. In ta manne wa mace, ko ta fita wani ba zai ɗauka ba, har ƙannenta sai a riƙa duba musu tafin sawu. Kafin a jima maganar ta zagaya unguwa. Matan da ke shigowa karɓar wuta suka koma gaida matata daga nesa. Wata mai jego ta janye jaririnta da ta ga ta miƙo hannu.

Iya ba ta taɓa faɗin kalmar ba, wannan zan shaide ta. Amma wata safiya matata ta ɗauki ƙwaryar ban ruwa za ta shiga garka, sai Iya ta karɓe a hankali ta ce, "Bari, amarya, ki huta." Washegari ma haka. Daga nan matata ba ta ƙara nufar ƙofar darnin ba. Ni na so in yi magana, amma da wa? Uwar da ba ta kallon idona, ta ina zan fara ce mata ta cuci matata? Na gwada yadda take yi, na dubi bango na ce, "Ai ƙasa takan gaji." Iya ta dubi nata bangon ta ci gaba da aikinta. Na fita ina tafasa, na je na sauke fushina a kan wani yaron kamiyo da bai yi mini komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lalle. Na lura ƙafar matata ba ta rabuwa da ƙunshi. Wancan bai gama koɗewa ba ta sake ɗaura wani, har tafin sawunta ya yi baƙi ƙirin. Na gidan ya mutu, saye take yi a ɓoye. Na tsokane ta, na ce ko biki ake yi ban sani ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Don kada su ga fari ne." Tausayinta da kunyar kaina suka rufe ni.

Da zafi ya tsananta ta nemi izinin zuwa ganin gida. Baba ya ce ta je. Na raka ta har bakin gari, na ga ƙunshin da ta ɗora a jaki ya fi na mai kwana biyu. Ta ce in gaida Iya. Sati ya wuce, wata ya wuce, babu ita babu saƙo. Na je Gaffati da kaina, mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura, ya ce yarinya tana ɗan hutawa. Na gane maganar ta riga ni isa. Ban ga ko gyalenta ba na dawo.

Iya kuwa ta saki garkar. Babu abin da ya rage sai lemo mai rabin ganye, don haka ta daina ɗaure ƙofar darni. Wata safiya ina zaune ina gyaran igiyar buhu, sai awaki suka kutsa ciki. Babu ganyen da za su ci, amma ba su fito ba. Suka durƙusa a kan fangali suna lasar ƙasa, suna ture juna. Iya ta kore su, suka zagayo suka koma. Ta sake ɗaga kara, sai na ga hannunta ya tsaya a sama. Iya matar mai kanwa ce, shekara nawa tana ganin yadda dabba ke yi in ta sami abin lasa. Ta tsuguna, ta dangwali farin nan da yatsa ta kai baki. Ta tofar. Ta tashi ta je ramin, ta dangwali ragowar takin, ta sake tofarwa. Sannan ta wuce ni, ta tafi har ƙofar ɗakin ajiya, ta tsaya tana kallon daɓen da aka share.

Ta dawo ta tsaya a gabana. Ta dube ni cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Kai," ta ce. "Zo ka ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Kanwa ce da gishiri, zallarsu, na tun zamanin kakana da suka yi ta zuba suna narkewa cikin ƙasar ɗakin. Mu da muke kwana muna tashi da kanwa, mu ne muka ciyar da garka ita, har muna ƙari. Dariya ta kama ni, sannan na zabura zan yi gidan Gwaggo.

"Ina za ka?"

"In gaya mata! In gaya wa unguwa duka!"

"Ka gaya musu gishiri ne. Sai su ce wa ya zuba?"

Na tsaya.

"Ni na ce a kai shara rami," in ji Iya. "Ni na murza na sa albarka, ni na yi ta ƙarawa. Amma ba wanda zai tuna wannan. Za su ce ɗaki ya shekara nawa lafiya, sai da ta zo. Da suna zato ne, yanzu ka ba su shaida. Rufe bakinka ka nemo jakuna."

Muka shiga aiki. Aka kwashe ƙasar garkar har zurfin gwiwa, jakuna suka yi ta jigila zuwa bayan gari. Ramin da ya ci gishiri aka yashe shi, aka cike da duwatsu, aka haƙa sabo can gefe. Duk wanda ya tambaya, Iya ta ce ƙasa ce ta tsufa. Gwaggo ta ce ai ba ƙasa ba ce, Iya ta ce to.

Saura lemo. Saiwarsa ta yi nisa, ba yadda za a yi a canja masa ƙasa. Da muka gama kwasa, Iya ta zauna a kan dutsen alwala ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce a miƙo mata gatari. Na ce ta yi haƙuri, damina ta kusa, ruwa zai iya wanke gishirin, itacen yana da sauran rai.

"Wataƙila ya tashi," ta ce. "Wataƙila kuma ya ƙarasa mutuwa bayan ta dawo. In ya mutu tana gidan nan, wa za a ce?"

Na miƙa hannu in karɓi gatarin, ta hana. Ita ta sare shi da kanta, tana sara tana hutawa, don ba ƙaramin itace ba ne, ya girme ni. Ba ta yi kuka ba. Ni ne na koma zaure don kada a ga fuskata. Da Baba ya dawo ya tarar da kututture, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya dubi Iya, ya ɗauki butarsa ya yi alwala a nan gindin kututturen.

Washegari da sassafe muka kama hanyar Gaffati, Iya bisa jaki, ni ina kora sauran da mangala wayam, da goron da Baba ya bayar. Rabon Iya da fita daga gari har ta manta. Da muka isa gidan ya rikice, don ba a saba ganin uwar miji ta zo da ƙafarta ba. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Surukina yana jira ta ɗauko maganar biko, ya shirya amsarsa. Sai Iya ta ce, "Malam, roƙo na zo. Ƙasa nake so."

"Ƙasa?"

"Tawa ta mutu. A ba ni ta bayan gidan nan, da ta wurin da kuke ɗaure shanu."

Ya ce wannan ai ba abin roƙo ba ne. Ya sa aka cika mana mangaloli daga tsohon jujinsu, ya ce sauran zai aiko da su. Da aka gama ɗaurewa Iya ta gyara zama ta ce, "To, saura ɗaya. Ƙasar nan ba ta san ni ba, ban san ta ba. A ba ni 'yata da ta tashi a kanta, ta zo ta nuna mini halinta."

Tsohon ya jujjuya goro a hannunsa. Can ya ce, "In wannan ƙasar ma ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, ni ta ƙi," in ji Iya.

Da la'asar muka juyo mu uku. Matata tana bayan jakin Iya har gida. Ta shiga ɗakinta ta ajiye ƙunshin kayanta a bayan ƙofa, a ɗaure yadda ta zo da shi. Zane ɗaya ta zaro da abin salla. Kwanaki suka yi ta wucewa, tana girki, tana shara, tana gaida kowa, ƙunshin yana nan. Kullum in na shiga sai na gan shi, in kau da kai.

A lokacin gari ya cika da zancen 'yancin kai. A tasha, a kasuwa, a bakin masallaci, ba a maganar komai sai Nasara zai tafi, wa zai hau, me za a yi da hanyar Kano. Ni ma nakan sa baki don kada a ce ba na gari. Amma gaskiya hankalina yana gabas, inda hadari ke tasowa.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Alhamis. Da gari ya waye Iya ta dama gumba ta ce sadakar ruwan farko ce, ta aika a kira Gwaggo da matan unguwa. Suka cika tsakar gida. Da suka ci suka yi addu'a, Iya ta buɗe ƙofar darni, ta ɗauko sungumi da 'yar ƙwaryar irin kuɓewa, ta miƙa wa matata.

"'Yata, cire takalmi. Ke za ki sara, ke za ki zuba, ke za ki binne."

Kowa ya san da diddige ake binne shuka. Gwaggo ta ce, "Ke uwar yaran nan, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani, Yaya. Kuma ba wanda zai taka wurin nan sai ita, har ni, sai abin da Allah ya yi."

Matata ta dube ni. Ta cire takalmin. Lallen ya koɗe tun a Gaffati, ba ta sake ɗaurawa ba, ƙafar tana nan yadda Allah ya yi ta. Ta shiga, ta sara, ta zuba iri, ta take da diddige, ta matsa gaba. Haka ta bi wurin layi layi, mata suna leƙe ta saman darni, ba mai tari. Da ta gama ta fito, Iya ta ɗaure ƙofar da kanta.

Sai daga baya na gane irin kasadar da Iya ta yi. Ba ta da tabbacin mun kwashe gishirin duka. Iri yakan ruɓe, ruwa yakan ɗauke bayan shuka, tsutsa takan ci. Ko ɗaya daga ciki ya faru, a gaban shaidu ya faru, kuma ba mai sake tsayar da matata a gidan nan. Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya ci abinci da daɗi. Gwaggo takan zo da hantsi, ta leƙa, ta zauna, ta ja carbi. Iya ta daina zuwa wajen gaba ɗaya, ta ce ido yana hana shuka fita, alhali ita ce ba ta iya kallo. Labarin gishiri kuwa sai da 'ya'yanmu suka tasa sannan ta ba matata shi, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma a ranakun nan matata ba ta san komai ba. Ita a ranta ƙafarta aka kai gaban alƙali.

Wata safiya na dawo daga masallaci, gari ya fara haske, na hango ta tsaye a bakin darni ta dafa kara da hannu biyu. Na matso. Ƙasar ta tsattsage, kuɓewa ta fito, kowace da 'yan kunnuwanta biyu, layi layi, daidai inda diddigenta ya bi. Har sawun yana nan bai goge ba.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta daɗe tana kallo, ta share ido da bakin zane, ta juya ta shige ɗaki. Na ɗan jira, sannan na bi ta. Na tarar da ita durƙushe a bayan ƙofa, tana kwance ƙullin ƙunshin da haƙori, don ya ɗaure tamau.